Masu Ruwa da Tsaki na Yolde Kohi

Duk abin da Bappa Bobboyi ya sani game da tattalin arziki, a yini ɗaya da rabi ya koye shi, a wani otal na Jimeta, kuma ba gayyatarsa aka yi ba. Wani abokinsa direba ya raka ya sauke baƙi a taron bita, sai ya ga ana raba jaka da biro a bakin ƙofa, shi ma ya miƙa hannu. Ya samu kujera a layin baya inda sanyi ya fi bugawa, ya yi barci har aka tashi cin abinci. Tun ranar da ya dawo Yolde Kohi rataye da jakar nan, ba wanda ya sake shan shayin safe cikin kwanciyar hankali.

"Matsalar Arewa maso Gabas ba rashin arziki ba ne, rashin tsari ne," in ji shi, yana juya cokali a kofi. "Muna da Binuwai, muna da fadama, muna da shanu, muna da rana kyauta. A ba ni shekara biyar da ofis mai fanka, mutanen Legas za su riƙa zuwa nan ci-rani."

Mai shayi ya ce, "Bappa, kai da ciyawa ta cinye maka gona bara?"

"Ka taɓa ganin mai tsara ƙasa riƙe da fartanya? Zuba mini madara."

Don tsokana samari suka sa masa suna Ikonomis. Shi kuwa ya sayo fenti ya rubuta a ƙofar gidansa.

Da abin ya tsaya a teburin shayi, da ba wanda zai ɓata tawada a kansa. Amma akwai Rhoda, wadda unguwa ke kira Maman Fibi. Daga Michika ta zo a shekarar 2014, a ƙafa, da 'ya ɗaya a baya da tukunya ɗaya a ka, lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Ita da wasu mata wajen talatin da gudun hijira ya zubar a Yolde Kohi suka kama sana'ar shinkafa. Su sayo ɗanya daga manoman fadama, su jiƙa, su turara, su shanya, su kai inji. Sana'a ce mai shan ruwa kamar raƙumi, ga famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo na unguwar ya mutu tun da daɗewa. Sai dai su saya wajen 'yan garuwa, jarka bayan jarka, har ribar ta ƙare a cikin kura. Shekara huɗu Rhoda tana hawa benayen ofisoshi, har wani shiri na farfaɗo da sana'o'i ya ce ya ji. Akwai rijiyar burtsatse guda mai aiki da hasken rana, ko dai a haƙa ta a Yolde Kohi ko a Bako. Za su zo su ji bakin jama'a tukuna.

Takardarsu ta iso gidan Jauro, mai unguwa, ranar Alhamis. Jauro dattijo ne mai kirki, amma yanar ido ta rufe masa gani, Hausarsa kuma ta gaisuwa da ciniki ce, sauran duk Fulatanci. A cikin unguwar nan akwai malaman makaranta uku da suka yi ritaya, kowannensu in an ɗaga murya daga zauren Jauro zai ji. Ba a kira ko ɗaya ba. Bobboyi ne ke zaune a bakin tabarma, shi ya fizge ambulan tun kafin ɗan aike ya gama sallama.

Ya gyara murya ya karanta: "Za mu zo ranar Laraba da ƙarfe goma na safe. A tara mana dukkan masu ruwa da tsaki domin mu ji ra'ayinsu. Abin da suka faɗa, da shi za a yi aiki."

Ɗan aji huɗu na firamare ya san cewa masu ruwa da tsaki su ne waɗanda magana ta shafa. Amma Bobboyi a kasuwar Jimeta ya tsinci Hausarsa, mutum ne da har yau yake ce wa matarsa "kai", kuma yana rantsuwa ya fi Kanawa iya harshen.

Jauro ya ce, "Su wane ne kuma waɗannan?"

"Barkama," in ji Bobboyi, wato ranka ya daɗe da Fulatanci, "wannan Hausar ofis ne, ba kowa yake ganewa ba. Ka bar mini. In rijiyan nan bai zo Yolde Kohi ba, a goge sunana daga ƙofa."

Jauro ya ce to. Washegari ya tafi ta'aziyya Girei, ba zai dawo ba sai safiyar Laraba.

Bobboyi ya sayi littafin rubutu, ya ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya ya rubuta RUWA, ɗaya gefen TSAKI. Yana cikin busa tawada Rhoda ta yi sallama.

"Bappa, an ce takarda ta zo. Mu nawa za mu je?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Maman Fibi, kana da ruwa?"

"Wane ruwa? Ai rashinsa ne ya kai ni wajensu."

"Kana da tsaki?"

"Shinkafa nake yi, ba kiwon kaji ba."

"To ka gani. Ba ka cikin wannan layi, ba ka cikin wancan. A ina zan sa ka?"

"Ni na yi shekara huɗu ina hawa benensu, Bappa. Gwiwata ce shaida."

"Da gwiwa suke nema da sun rubuta masu gwiwa. Mutanen nan Turawa ne suka koya musu aiki. Abin da takarda ya ce, shi kawai suke so. Ka koma gida, za a kawo maka ci-gaba har ƙofa."

Rhoda ba ta yi dogon karatu ba, amma jikinta ya ba ta. Ta wuce gidan Malam Apollos, wanda ya koyar da Hausa shekara talatin da biyar, ya rubuta mata ma'anar kalmar a takarda da jan biro, har da misalai biyu. Ta dawo ta miƙa wa Bobboyi. Ya karanta, ya yi murmushin tausayi.

"Tsohon silabas ne. Malam ya bar aiki kafin a kawo tattalin arziki." Ya ninke takardar ya shiga fifita da ita.

Layin RUWA bai ba shi wuya ba. Ya samu Umair, shugaban 'yan garuwa, a inda suke ajiye kuraye.

"Gwamnati da Turawa suna son jin ra'ayinku."

Umair ya waiga bayansa ko da wani ake. "Namu? A kan me?"

"A kan ci-gaba. Ku zo duka, kowa da kuransa cike. Kada su zo su ga mai ruwa ba ruwa su ce ƙarya muka yi."

"Unguwa fa? Wa zai kai musu ruwa ranar?"

"Unguwa ya yi haƙuri. Ƙasa ake ginawa."

A layin TSAKI aiki ya cije. Da farko ya je injin niƙa, mai inji ya nuna masa mata shida da ke sayen ɓarzajjen hatsi suna sayar wa masu kaji. Ya rubuta sunayensu, ya ce kowacce ta zo da buhu biyu a buɗe. Ya dawo gida yana jin ya gama, sai ya zubar da butar alwala a tsakar gida, Gogo Khadijah, ƙanwar mahaifinsa, ta ja wani tsaki mai tsawo har akuya ta ɗaga kai.

Bobboyi ya tsaya cak. "Gogo, wannan abin da ka yi, yaya sunansa da Hausa?"

"Tsaki. Kana son wani?"

Gumi ya karyo masa. Ashe tsaki biyu ne, kuma takarda ba ta ce wanne ba. Mai tsara ƙasa ba ya barin ƙofa a buɗe, don haka ya roƙi Gogo ta nemo masa tsofaffi goma sha biyu waɗanda suka fi kowa iyawa. Gogo ta ce wannan ba abin nema ba ne, duk wadda ta yi shekara arba'in da miji a unguwar nan ta ƙware. Ranar Litinin da la'asar aka yi gwaji a tsakar gidansa. Ya jera su a kan benci, ya ce, "Ku kalli hulana. In na ɗaga, ku yi gaba ɗaya, don baƙi su san ba na bogi muka kawo ba." Ya ɗaga. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, sun zaci tayar mota ce ta sace.

Ranar Talata yana wucewa ta wani kango ya ga tifa tana juye tsakuwa. Ya tsaya yana maimaita kalmar a bakinsa. Tsakuwa. Tsaki. Sai ya bugi cinyarsa.

Ya ce wa direban, "Tsakuwa ai mace ne. Namijinsa shi ne tsaki."

Direban ya ce, "Oga, ni dai lodi nake yi, ban taɓa duba ko mace ce ba."

"Ka kawo mini tifa ɗaya gobe da safe, manya-manya, maza zalla. Ƙofar gidan Jauro."

Mutumin da bai taɓa ce wa mace "ke" ba, shi ne ranar ya raba wa duwatsu jinsi.

Laraba ta waye da zafin nan na Yola mai sa kwalta laushi. Ba wanda ya samu ruwan wanka a Yolde Kohi. Mai shayi ya kife tukunya ya zauna. Kuraye arba'in da ɗaya suka jeru a filin ƙofar gidan Jauro, jarkoki na ɗiga. Gefe guda mata shida da buhunan tsaki a buɗe, kowacce da tsumagiya, domin kajin unguwa sun riga kowa jin labari. Gogo da tawagarta suna kan benci a inuwa, idanunsu a kan hula. Direban tifa ya iso, ya ga fili ya cika, ya juye lodinsa a bakin lungun da ke shiga wurin, ya yi tafiyarsa. Lungun ya toshe, sai ɗan wurin da mutum ɗaya zai raɓa ta jikin katanga.

A nan Bobboyi ya ɗaura igiya ya tsayar da 'yan banga biyu. Tun shekarun da bama-bamai suka tashi a Jimeta, ba a yin taro a unguwa sai an tsaya a ƙofa an duba mai shiga, kuma ba mai gardama da wannan. Ya ba su littafinsa ya ce duk wanda babu sunansa kada ya wuce, ko limami ne. Rhoda ta iso da matanta talatin cikin anko, aka duba RUWA, aka duba TSAKI, aka ce su tsaya bayan tsakuwa.

Jauro ya sauka daga Keke Napep, ya laluba tudun da sandarsa. "Wa ya kawo dutse ƙofar gidana?"

"Yana cikin tsari, Barkama."

Ƙarfe goma da kwata farar mota ta tsaya a bayan tudun. Mutum biyu suka fito: Hajiya Nahla, shugabar tawagar, Bakanuwa mai farin gilashi, da wani saurayin ma'aikaci, Fredrick, rungume da wata babbar waya mai faɗin faranti. 'Yan banga suka duba littafi ba su ga sunansu ba, sai da Bobboyi ya rugo ya ɗaga igiya da kansa. Rhoda ta yi ta kiran "Hajiya, Hajiya," amma hayaniyar kaji ta danne muryarta.

Aka zauna. Jauro ya miƙe ya fara yi wa baƙi maraba. Gumi ya gangaro wa Bobboyi cikin ido, ya cire hula zai goge kai.

Tsofaffi goma sha biyu suka ja tsaki a tare.

Jauro ya tsaya da baki buɗe. Shekara ashirin da bakwai yana sarauta ba a taɓa yi masa haka ba. Ya zauna a hankali. Bobboyi ya mayar da hular da sauri, yana yi wa benci alama da hannu su dakata. Gogo ta gyaɗa kai, ta zaci yabo ne.

Hajiya Nahla ta miƙe. "Sunana Nahla, mun zo ne domin..." Wani zakara ya tashi daga kan buhu ya bi ta kan Bobboyi, hula ta faɗi. Benci ya sake amsawa, wannan karon har da ƙari daga Gogo ita kaɗai.

Hajiya ta cire gilashinta. "Malam, mun yi wani laifi ne?"

"Ko kaɗan, Hajiya. Shaida ne." Ya buɗe littafi, ya fito tsakiyar fili. "Kamar yadda kuka nema. Masu ruwa, ga su, arba'in da ɗaya, kowa da kayan aikinsa. Masu tsaki kuma, da yake ba ku fayyace ba, mun kawo duka. Ga na kaji. Ga na baki, kun ji samfur. Na gini kuma shi kuka tsallako. Ina tabbatar maka ko a Abuja ba a taɓa cika sharaɗi haka ba."

Hajiya Nahla ta dubi kuraye, ta dubi buhuna, ta dubi benci. Ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ina matar da ta rubuto mana? Ina manoma? Ina masu shinkafa?"

"Ba su cika sharaɗi ba."

"Fredrick, tashi mu tafi. Sai a sa wata rana."

Fredrick bai tashi ba. "Madam, fom ɗin ya riga ya buɗe, ya ɗauki wurin da muke. In ba a rufe shi kafin sha ɗaya ba, ofis zai ce ba mu zo ba. Kuma Bako na jiranmu."

"To ka rubuta an yi kuskure."

"Babu gidan kuskure, Madam. Eh ne da A'a."

"Cike, amma kada ka tura. In mun koma ofis na yi musu bayani."

Fredrick ya miƙe ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma: "Shin masu ruwa da tsaki sun amince a haƙa rijiyar burtsatse mai sola a wannan unguwa, wadda kowa zai ɗebi ruwa kyauta?"



Umair ya saki hannun kurarsa. "A sake faɗa. Kyauta?"

"Kyauta."

Ya juya wajen Bobboyi. "Bappa, wannan ne ci-gaban? Ka tara mu da ruwanmu mu zo mu sa hannu a kashe mana sana'a?" Ya koma ga baƙi. "Hajiya, ba mu ƙi mata su samu ruwa ba. Amma rabin mutanen nan su ma gudu ya kawo su, kurar nan ita ce gonarsu. In za a haƙa, a faɗa mana inda za mu koma. An tanadi wannan?"

Fredrick ya duba wayarsa sama da ƙasa. "Babu gidansa."

"To a'a."

Hannu arba'in da ɗaya suka tashi. Fredrick ya juya wajen masu buhu, babbarsu ta ce su dai a kore musu kajin nan, ko me aka ce sun bi. Ya juya wajen benci. Bobboyi ya kama kansa da hannu biyu, hula ta zame, benci ya ba da amsa. Fredrick ya ce wannan a ko'ina A'a ne.

"Tsaya, tsaya," in ji Bobboyi, ya ɗaga hannu har yana ɗage. "Ni na ce Eh. Rubuta, mutum ɗaya, Eh, kuma shi ne ya shirya taron."

Umair ya ce, "Bappa, kana da ruwa?"

"Ni ne fa..."

"Kana da tsaki? A duba littafi."

Ɗan banga ya kawo littafi, aka bi layi biyu da yatsa har ƙasa. Babu Bobboyi.

A daidai nan tudun tsakuwa ya fara zubowa. Rhoda ce ta gaji da igiya, ta tuɓe takalmi ta hau, mata talatin na biye da ita da rarrafe. Ta sauko da ƙura har gira, ta tsaya gaban baƙi tana haki.

"Hajiya, ni ce Rhoda. Ni na rubuta. Mu ne masu shinkafa. Daga Michika muka zo ba mu da ko cokali, yau shinkafarmu har Mubi ake kai ta. Ruwa kawai muke nema. In an haƙa, mu da 'yan garuwa za mu zauna, su riƙa ɗiba a kusa suna kai wa gidaje, ba sai sun je nesa ba. Ba wanda ya tambaye mu ne."

Umair ya sosa ƙeya. "Da haka aka faɗa tun farko, ai da magana."

Hajiya Nahla ta ce, "Alhamdu lillahi. Fredrick, goge, a sake tambaya."

Fredrick yana kallon wayar kamar ta cije shi. Kowa a Yolde Kohi ya san sai an hau katanga ake samun sabis, shi ma in an yi sa'a. Ranar, a filin nan, ba a san daga inda ya fito ba, sanda huɗu cif. Fom ɗin ya ga sabis ya tura kansa.

"Madam, ya tafi."

"Dawo da shi."

"Ba ya dawowa. Ya ce an gode."

Jauro, wanda duk abin nan yake zaune yana jin rabi, ya buga sanda a ƙasa ya ce a gaya masa da baki ɗaya, mene ne masu ruwa da tsaki. Hajiya Nahla ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, ai waɗanda abin ya shafa ke nan. Kamar wannan baiwar Allah." Wani ya juya masa da Fulatanci. Jauro ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin Bobboyi.

Bobboyi ya ja da baya. "Barkama, laifin takarda ne. Hausar Kano ya lalace, suna faɗin abu suna nufin wani. A taron da na je, wani farfesa ya ce babban matsalar yankin nan shi ne rashin isar da saƙo daga sama zuwa ƙasa. Kun ga misali da idonku. Wannan ma nasara ne, mun gano..."

Yana magana yana ja da baya, har ɗuwawunsa ya ture dutsen da aka tokare kurar farko da shi. Filin gidan Jauro gangare ne. Kurar ta tafi ta bugi ta biyu, ta biyu ta bugi ta uku, jarkoki suka fara faɗowa suna fashewa. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin buhuna ya kwashe su, fili ya zama kunu. Bobboyi ya juya zai gudu, santsi ya ɗauke shi, ya zauna daɓas a tsakiya, babbar riga ta buɗe kamar laima. Kafin ya yunƙura kajin unguwa sun hau shi, suna tsattsagar abincinsu daga kafaɗa har aljihu. Baƙi suka tattare tufafi suka haye tsakuwa. Bako na jiransu.

Bayan wata biyu rahoto ya fito a takarda mai sheƙi. A shafin Yolde Kohi an rubuta cewa an samu halartar jama'a fiye da ko'ina, kuma al'umma da bakinta ta ce ba ta buƙatar rijiya, abin da ke nuna akwai buƙatar ƙarin wayar da kai. An haƙa rijiyar a Bako, Allah ya sanya musu albarka, ba su ƙwaci ta kowa ba. Matan shinkafa har yau a jarka suke saye, shida daga cikinsu sun bar sana'ar.

Wannan ba abin da za a yi dariya a tashi ba ne. An zalunci mata talatin a gaban shaidu, kuma har yanzu ba wanda ya ce musu ko sannu. Ofishin da ya iya ƙera fom mai tura kansa ya iya ƙera masa gidan kuskure. A dawo Yolde Kohi a sake tambayar nan, a gaban waɗanda ta shafa, a goge wancan shafi na ƙarya daga rahoto. Tsakuwar ma tana nan a bakin lungu, wanda ya yi odarta ya zo ya kwashe.

Rhoda ba ta daina hawa bene ba. A watan jiya ta samo wata takarda, wannan karon da hannunta ta karɓo, ta ninke ta a cikin ɗankwali. An ce za a duba ƙorafinsu idan suka kawo sa hannun masu faɗa a ji na unguwa. Tana kan hanyar gidan Malam Apollos ta yi kuskuren faɗa wa wata maƙwabciya da ƙarfi a gaban teburin shayi.

Bobboyi ya ajiye kofi ya sha gabanta.

"Maman Fibi, masu faɗa a ji? Ka kwantar da hankali, an gama. Akwai wasu 'yan'uwa huɗu a Rumde, in suka fara faɗa har gadan Jimeta ana ji. Jibi zan kawo maka su."

Rhoda ta dafe ɗankwalinta da hannu biyu. Ta dubi Umair, wanda ke wucewa da kura.

"Umair, jarka nawa ke cikin kurar nan?"

"Goma sha biyu, Mama."

"Ka tsaya a nan kusa da Bappa har in je in dawo. In ya taka ƙafa ɗaya wajen Rumde, ka juye masa duka. Ni na saya."